Tef, Gam Ko Noti: Da Me Za Ka Kafa Sifoila A Bayan Mota?

Duk wanda ya sayo sifoila, wannan ɗan fiffiken da ake ɗorawa a kan murfin but, tambayar farko da ke zuwa masa ita ce wai da gaske tef kawai zai riƙe abin nan ina gudu a kan babban titi? Amsar ita ce eh zai riƙe, amma ba kowane tef ba kuma ba kowace sifoila ba. Hanyoyin dai uku ne, ko tef mai manne fuska biyu, ko gam mai kauri na bututu, ko a huda but a ɗaure da noti. Kafin ka zaɓa, juya sifoilar taka ka kalli ƙasanta, don a nan hukuncin yake.

In irin siririyar nan ce da ke kwanciya luf a bakin but daga wannan gefe zuwa wancan, ba nauyi, ƙasanta a shafe, to tef ne abinta. Kamfanonin mota su kansu da irin tef ɗin nan suke manna tambari da robobin gefen ƙofa, shekara da shekaru ana rana ana ruwa ba sa faɗuwa.

Matsalar kawai tef ɗin iri-iri ne kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Akwai mai soso fari ko baƙi mai taushi irin na rataye hoto a bango, in ka ja shi sai ya yage kamar burodi, wannan ka bar shi a ɗaki. Rana na dukansa gam ɗin ya saki, ruwa ya shiga cikin soson, wata ɗaya biyu ka ga gefe ya fara ɗagawa. Wanda ake nema shi ne na akirilik, in ka ja shi miƙewa yake kamar cingam ba ya yagewa da sauƙi, kuma yana da ɗan nauyi a hannu. Wanda aka fi sani shi ne VHB na kamfanin 3M da ya fito tun 1980, irin su 5952 baƙi mai kaurin milimita 1.1, sannan suna da waɗanda aka yi musamman don jikin mota kamar 4229P mai ruwan toka. Kamfanin Tesa ma suna yin nasu. Kuma don Allah jan ledar da ke bayan tef ba shaida ba ce cewa na asali ne, masu jabu ma ja suke sawa har da tambari. Ni na taɓa amfani da wanda ya zo a cikin kwalin sifoilar, ja ne tas, sati uku ban cika ba na fito da safe na ga kusurwar hagu ta ɗaga har ɗan yatsa na shiga, da na ɓanɓare sai gam ɗin ya zauna a jikin fenti soson kuma ya bi roba, wato tef ɗin ne ya rabe gida biyu. Tun daga ranar duk tef ɗin da ya zo kyauta a kwali cire shi nake in sa wanda na saya da kaina a wurin da na yarda da shi.

Batun kauri mutane na rainawa. Siririn tef yana son fuska biyu su haɗu daidai ba rata, in kuwa ƙasan sifoilar bai bi lanƙwasar but ɗin sosai ba to mai kauri ne zai cike gurbin. Gwada ta a bushe tukuna, ɗora ta ba tef ka leƙa ta gefe, in kana hango haske ta ƙasa ka san akwai aiki. Kar ka ce za ka danne ta da ƙarfi tef ya riƙe, roba tana son komawa yadda aka zuba ta, dare da rana tana ja a hankali har sai ta ci galaba.

Yawan tef ɗin ma da lissafi. Ƙa'idar da 3M ke bayarwa ita ce kusan inci 4 murabba'i na tef ga kowane fam ɗaya na nauyi, wato wajen santimita 57 murabba'i ga kilo ɗaya. Ka ɗauka sifoilarka mita 1.2 ce, tef ɗin kuma faɗinsa milimita 12, layi ɗaya ya ba ka santimita 144 murabba'i, layi biyu 288, ka ga ya wuce abin da ƙaramar sifoila ke buƙata nesa ba kusa ba. Sai dai wannan lissafin nauyi ne a tsaye, iska daban take, in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin iskar sau huɗu yake ninkuwa, kuma abin da tef ya fi tsana shi ne a ɗago shi ta baki ɗaya kamar ana ɓare lemo. Shi ya sa gefen gaba da kusurwoyi biyu su ne ba a yi musu rowa.

Yanzu ga inda yawanci ake faɗuwa, sai a ɗora wa tef laifi. Jikin mota da kake gani yana ƙyalli akwai folish da maiƙo a kai, tef kuma a kan folish zai kama ba a kan fenti ba. A wanke, a bushe, a goge da sifirit irin aisofurofil da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, da tsumma mai tsabta, goge ɗaya ka juya tsumman. Ƙasan sifoilar ma haka, don sabuwar roba tana zuwa da santsin man da ake shafa wa mazubi a masana'anta. In robar ABS ce tef na kama ta ba gardama, amma irin su PP da TPO santsi gare su, sai an shafa ruwan share fage da ake sayarwa tare da tef, kamar 4298 na 3M, siriri a bar shi ya sha iska. Yanayi kuma an fi so tsakanin digiri 21 zuwa 38 a ma'aunin Selsiyos, ƙasa da 10 kar ma ka fara, haka kuma ba a kan ƙarfen da ya sha rana yana ƙuna ba. Sa alama da tef ɗin takarda na masu fenti, ɓare ledar kaɗan daga kowane gefe ka lanƙwaso jelarta waje, daidaita, sannan ka zare a hankali kana dannawa, don in ya kama a karkace shi ke nan ba gyara sai sabon tef. Danna da tafin hannu da ƙarfi ko'ina. Bayan minti 20 rabin ƙarfinsa kawai ya yi, awa 24 kusan kashi 90, sai awa 72 yake cika, saboda haka kwana uku ba wanki ba gudun tsiya. In kuma sabon fenti aka yi wa but ɗin ka tambayi mai fentin yaushe zai gama bushewa ciki da waje, yakan ɗauki makonni.

Gam na bututu, irin foliyuretan kamar Sikaflex 221 ko wanda ake kafa gilashin gaba da shi, nasa amfanin shi ne cike rata, musamman sifoilar fayiba da ƙasanta ba ya fita sumul. Yana kamawa kamar ba gobe, to amma fa ranar da ka gaji da ita ko za ka sayar da motar, da wuya ta fita ba ta tafi da fenti ba. Wasu na haɗawa, tef a gefe-gefe ya riƙe nan take, ɗigon gam a tsakiya ya bushe a hankali, dabara ce mai kyau in ka tabbata auren ba saki. Silikon na banɗaki kuwa kar ka kusanto da shi, riƙonsa ba ƙarfi kuma yana hana sabon fenti zama daga baya.

Babban fiffike mai ƙafafu biyu da ke tsaye sama da but, wannan ba maganar tef ko gam, duk ƙarfin iska a kan 'yan tafin ƙafa biyu yake sauka, in ya tashi a kan titi gilashin na bayanka zai samu. Noti ne kawai, da washa mai faɗi, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai huji da ake sawa a ƙarƙashin noti, ko ƙarfen tallafi ta ciki, a shafe bakin hujin da fenti a toshe da roba saboda tsatsa da yoyon ruwa. Huji dai ba ya komawa, in ba ka shirya ba sayi ƙaramar.

Tef kuwa ranar cirewa sai ka ɗan ɗumama shi da injin busar da gashi, ka zura zaren fatsa ta ƙasa kana ja hagu da dama kamar zarto, ragowar gam ɗin ka murje da babban yatsa ya dunƙule ya fita, ka goge da sifirit.