Yini ɗaya a Ngaundere: shatar direba ɗan gari ko motar kamfani?

Hajiya, kin tambaya ko shatar direba za ki ɗauka ko motar kamfani a yinin da za ku yi a Ngaundere ta ƙasar Kamaru. Ki ɗauki shatar direba ɗan gari. Wancan tsarin na kamfanin yawon buɗe ido da aka turo miki tallarsa, mai jagora da abincin rana a ciki, ki bar wa baƙin da ba su san kowa a Ngaundere ba, ba sa jin Hausa, ba sa jin Fulatanci. Ku da za ku sauko daga jirgin ƙasan Yawunde da safe, ga Inna ga yara, ku kwana ɗaya ku wuce Garwa, bai dace da ku ba. In kuma da hali, ki sa ranar ta faɗo Juma'a, don rabin abin da ake zuwa gani a garin nan ranar Juma'a yake fitowa.

Na shiga duka biyun. Na kamfanin ba zan yi musu ƙarya ba: motar tana da tsabta, an kai mu wuraren da aka rubuta a takarda, an maido mu lafiya. Yabon da zan iya yi musu bai wuce nan ba.

Shatar kuwa na yi ta ne shekarar da Babanmu ya ce yana so ya sake ganin garin da ya yi fataucin shanu a cikinsa yana saurayi. Mai masaukinmu ce ta haɗa mu da wani dattijo da ke zaune a unguwar Hausawa, mai wata tsohuwar Toyota da fentinta ya koɗe amma injinta lafiya lau. Tun a ƙofar gida, da ya ga yadda Baba yake dafa sanda yana saukowa daga dakali, sai ya ce mini: “'Yata, tsarin da kika zo da shi ba zai yi ba. Dutse a bar wa yara. Alhaji mu kai shi bakin ruwa tun rana ba ta ɗaga ba, mu dawo gari kafin a tare hanyar fada.” Ban gaya masa gwiwar Baba na ciwo ba, shi ya gani da idonsa.

Haka aka yi. Muka bi hanyar Maiganga, muka ratse zuwa tafkin Tizon, wanda yake cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa, itatuwa sun zagaye shi ko'ina. Direban ya san iyakar inda ƙaramar mota take iya kaiwa, ya kai mu har can, ya fito da tabarma daga bayan mota ya shimfiɗa wa Baba. Daga nan muka ƙarasa inda kogin Bina yake zubowa daga kan dutse, kimanin kilomita 15 daga gari. A motar kamfani an tsaya da mu a nan gwargwadon ɗaukar hoto, jagoran yana duba agogo. A wannan karon Baba ya zauna yana kallon ruwa yana ba da labarin inda suke tsallakar da shanu, direban yana tayawa, yana gyara masa sunayen ƙauyukan da ya manta. Ba wanda ya ce mana mu tashi sai da shi kansa direban ya dubi rana ya ce lokacin masallaci ya kusa.

Abin da ya sa nake nanata Juma'a shi ne fada. Babban masallaci yana kusa da ƙofar gidan Lamiɗo, sarkin garin, kuma in za a yi salla Lamiɗo yakan fito da dogarai da hakimai da mahaya, ana busa algaita da kakaki, ana kaɗa ganguna. Wanda ya saba ganin hawan sarakunan ƙasar Hausa zai ga abin da ya sani, ya kuma ga wanda bai sani ba. To a wannan lokacin mota ba ta da amfani, sanin lungu ne yake aiki. Dattijon nan ya ajiye motar nesa, a ƙofar wani abokinsa mai shago, ya bi da mu ta baya, ya samo wa Baba benci a inuwa, ni da yara ya nuna mana gefen da mata suke tsayawa. Da ɗan gari akan ci gari. Shi da Baba suka shiga sahu tare, suka fito tare. Ranar da na bi kamfani Talata ce, ƙofar fada shiru, kuma ba wanda ya gaya mana tun wajen biyan kuɗi cewa akwai bambanci tsakanin ranakun.

Wani abu da ya yi ya ƙara masa daraja a idona. Da muka zo shiga fada bayan jama'a sun ragu, sai ya ce: “Nan ba wurina ba ne.” Ya gaida wani dogari da suka san juna, aka kira mana mutumin fada da aikinsa ke nan zagayawa da baƙi, shi kuma ya koma baya ya yi shiru. Ki riƙe wannan, Hajiya: direba hanya ya sani, tarihin gidan kuwa na masu gidan ne. Duk direban da ya ce miki shi kaɗai ya isa komai, har cikin fada shi zai yi bayani, bai san girman wurin ba.

Fadar kanta ta cancanci a ba ta lokaci. Zaurukan ƙasa ne masu kaurin bango, da manyan ginshiƙai da aka yi wa zane da launi, rufin ciyawa mai tsawo yana saukowa ƙasa sosai, ciki da sanyi ko da rana tsaka. Ana cire takalmi, ana sassauta murya, ba a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an nemi izini. A nan muka ji yadda Arɗo Njobdi ya kafa sarautar Fulani a wurin cikin shekarun 1830, a ƙasar da mutanen Mbum suke zaune tun da can, yana ƙarƙashin Modibbo Adama na Yola, wanda shi kuma ya karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Muka ji yadda garin ya bunƙasa a zamanin Arɗo Isa har ya zama ɗaya daga cikin manyan masarautun Adamawa, da yadda Jamusawa suka ci shi da yaƙi a 1901, kafin Faransawa su karɓe shi lokacin yaƙin duniya na farko. Lamiɗo Muhammadu Hayatu Isa yana kan gadon tun 1997. Baba dai abin da ya fi kama shi sunayen sarautun ne, da ya ji ana kiran Galadima da Kaigama da Sarkin Yaƙi a tsakiyar maganar Fulatanci. Ya ce wa yara su buɗe kunne, kakanninsu fatake ba jiya suka fara shiga garin nan ba. Jagoran kamfani ya faɗi wasu daga cikin waɗannan shekarun, amma da Faransanci ya zubo su a tsaye, kamar ɗalibi mai ba da hadda. Ki tuna Inna ba ta jin Faransanci, ke za ki koma tafinta yini guda.

Batun kuɗi, a nan ma shata ta fi sauƙi gare ku. Kamfani kai yake ƙirgawa, kowane mutum da kuɗinsa, wani lokaci har yaro. Direba mota yake ƙirgawa, ko ku biyu ne ko ku huɗu. Abincin ranar da kamfani yake sawa a ciki ma a otal ne, an riga an zaɓa muku, ba ruwansu da cewa tsohuwa ba ta cin wannan ko wancan. Mu direban ya kai mu wurin wata mai tuwo da miyar kuka da naman sa, kusa da babbar kasuwa, yara suka sha kindirmo. Shi ma muka saya masa nasa, kuma haka ya kamata.

Amma kada ki shiga mota sai kun gama magana tas. Kuɗin da ya faɗa, da mai a ciki ko ban da mai? A Fabrairun 2024 litar fetur ta kai sefa 840 a gidan mai, saboda haka wannan tambayar ba ƙarama ba ce, kuma a kanta ake yawan rigima da yamma. In ke za ki zuba, ku je gidan mai tare ki biya da hannunki, kada ki ba da kuɗin a ce za a sha na kwalba a bakin hanya. Ku lissafa wuraren da baki, ku yanke lokacin tashi, ku faɗi abin da za a ƙara in an wuce magariba. Jirgin ƙasa ba kullum yake isowa kan lokaci ba, tafiyar ta haura kilomita 600, don haka ki gaya masa tun farko cewa yinin yana farawa ne daga saukarku. Rabin kuɗi da safe, rabi in ya sauke ku masauki. Ki kuma ce ya nuna miki takardun mota da inshora, domin akwai jandarmomi a hanyoyin bayan gari, kuma in takardunsa ba su cika ba ku ne za ku zauna a rana kuna jira.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974 nan ne ƙarshensa, duk mai zuwa Garwa da Marwa da Kuseri da Njamena a nan yake sauka, don haka bakin tasha ya tara masu neman halal da masu neman na banza. Da kin fito za a yi miki caa, wannan ya kama jaka, wancan ya ce shi direba ne. Da yawansu 'yan kamasho ne, ba su da ko taya. Za su karɓi kuɗinki su miƙa ki ga wani da rabin kuɗin, shi kuma ya huce a kanku ta hanyar gajarta yinin. Akwai kuma masu saka hotunan motoci masu kyau a Facebook da WhatsApp su ce a tura kafin alƙalami ta waya don a riƙe muku wuri. Kada ki tura ko dala ga wanda ba ki ga fuskarsa da motarsa ba. A ƙofar fada ma za ki iya haɗuwa da mai cewa shi ɗan gidan ne, ki ba shi kuɗin shiga da na gaisuwa ya kai ciki. Ki ƙarasa wurin dogarai ki tambaya, su za su nuna miki wanda ake ba. Sai zuma. Zumar Adamawa ta yi suna da gaskiya, shi ya sa ake cuɗa ta da narkakken sukari a sayar wa matafiyi mai sauri. Ki bar tsarabar zuma da kilishi sai yamma, direban ya kai ki wurin da shi yake saya wa iyalinsa, ki ɗanɗana kafin a auna. In kin ga yana matsa miki lallai sai shago kaza, yana da kaso a ciki, ki ce a gaba.

Wuri ɗaya ne zan sassauta wa kamfani. In da niyyarku ku je magangarar Tello, wadda take wajen kilomita 50 ta hanyar Belel, inda ake iya shiga bayan ruwan a tsaya, kuma da damina ne, to ana bukatar babbar mota mai ƙarfi, su kuma sukan samu irinta. Sai dai Tello yini take ci ita kaɗai. Ba a haɗa ta da fada da kasuwa a rana ɗaya da tsohuwa a mota, duk wanda ya ce miki zai haɗa yana so ne ya karɓi kuɗi. Masu mashin kuma ban sa su a lissafi ba, ba za ki ɗora Inna a bayan mashin ba.

Da la'asar, in yara suna da sauran ƙarfi, ku bar Inna ta huta a masauki, direban ya kai su gindin dutsen Ngaundere, mai ƙaton dutse zaune a ƙoƙuwarsa, su hau tare da babba su ga garin gaba ɗaya. Kada su kai duhu a can. In ba su da ƙarfi, ya zaga da ku ta unguwar Baladji da unguwar asibitin mishan na mutanen ƙasar Norway, ku ƙare a ƙaramar kasuwa. Jami'ar da ke Dang ba sai kun ware mata lokaci ba, tana kan hanyarku ta Garwa, kimanin kilomita 15 daga gari, za ku gan ta gobensa daga cikin mota.

Direban da za ki nema, ta hannun mutum za ki neme shi: mai masaukinku, ko dangin mijinki da ke can, ko limamin unguwa, wanda in wani abu ya faru akwai ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa. Ki fi son dattijo mai jin Hausa da Fulatanci, ki yi magana da shi ta waya kwana biyu kafin ku taso, ki gaya masa da tsohuwa a tafiyar. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a jiki, yara da takardun haihuwarsu. Ki kuma sa wa Inna rigar sanyi da mayafi mai kauri a jakar hannu, ba cikin akwati ba, don garin yana kan tudu sama da mita 1,000, kuma sanyin safiyarsa ba irin na Garwa ba ne.