CNED: lakwal ta nesa ga yaron da iyayensa ba sa zama wuri guda

Duk wanda ya san Alhazan Maradi ya san irin zamansu: wata uku a Kwatano ana jiran kwantena, wata biyu a Lome, daga nan a zarce Dubai ko Guwanzu ta ƙasar Sin, wani kuma ya kwashi iyali ya yi shekara a Jidda. Babba ba ya asarar komi. Yaro ne ke biya. Ya fara CE2 a unguwar Zariya ta Maradi, ya ƙarasa ta a wata ƙasa da wani harshe, ya dawo gida, malami ya yi dikte, ya kasa rubuta layi biyu. Irin waɗannan gidajen ne ake yawan ba shawarar CNED, don haka ya kamata a san abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa kafin a zuba kuɗi.

CNED hukuma ce ta ma'aikatar ilimin Faransa, an kafa ta a 1939 da yaƙin duniya na biyu ya tarwatsa ƴan lakwal, cibiyarta kuma tana kusa da garin Poitiers. Tana ba da darussa tun daga firamare har ajin BAC. Yaro na samun shafinsa a intanet, ya karanta darasi, ya yi aikin da aka ɗora masa, a tura, malami ya gyara ya sa maki ya mayar masa.

Rajista kala-kala ce, kuma nan ne iyaye ke fara tuntuɓe. Akwai cikakken aji da suke kira « réglementée ». Shi ne mai takardar shaidar ɗalibta da hukuncin wucewa aji na gaba, wanda makarantun tsarin Faransa ke karɓa ba gardama. Amma wanda ke zaune wajen Faransa sai ya samu amincewar jami'in al'adu na ofishin jakadancinsu a ƙasar da yake zaune, ofishin Yamai kuwa an rufe shi a Janairun 2024. Iyalin da ke da takardun zama a Benin ko Togo ko Daular Larabawa, can za su nema. Na biyu shi ne « libre »: darussa ɗaya ne, ba a neman izinin kowa, sai dai takardarsa ba ta tilasta wa kowace makaranta karɓar yaro a ajin da ya ce yake. Na uku ƙaramin ƙunshi ne na darussa uku, Faransanci da lissafi da tarihi haɗe da labarin ƙasa, ga yaron da ke zuwa makarantar garin da aka sauka amma ba a so Faransancinsa ya gudu.

A ganina na ukun nan ne ya fi dacewa da yawancin gidajenmu.

Abin yabo dai akwai shi. An yanka darussan gunduwa-gunduwa, kowane mako an san abin da za a yi, lissafinsu kuma tsaf yake, ba tsalle. Gyaran malamansu ba jan biki da maki kawai ba ne, sukan rubuta inda yaro ya kauce da dalilin kaucewar. Wanda ya ga aji mai cike maƙil da yara da malami guda zai san darajar wannan. Kuma littafin da aka buɗe a Kwatano shi za a ci gaba da shi a Dubai, shafi na bin shafi.

Sai dai CNED ba ta zama kusa da yaro. An tsara darussan firamare ne da tunanin akwai babba a gefe, mai karanta Faransanci, wanda zai karanta umarni, ya yi dikte, ya saurari karatu, ya riƙe lokaci. Kuma an tsara su ne don yaron da ya tashi yana jin Faransanci a tsakar gida. Namu da Hausa ya buɗe baki. In Alhaji na kasuwa tun safe, Hajiya kuma allo ta yi ba lakwal ba, to a lissafa kuɗin malamin gida tun farko, mai zuwa aƙalla kwana 4 ko 5 a mako. In ba haka ba, wata biyu kawai za ka tarar da littattafan a ƙasan akwati tare da turamen atamfa.

Sunan aji ma yana ruɗarwa. Firamarenmu shekara 6 ce, daga CI zuwa CM2, tasu 5 ce, daga CP take farawa. CP ɗinsu ita ce shekarar koyon karatu daga tushe, wato ta fi kusa da CI ɗinmu. Kada a bi suna. A ba yaro shafi guda ya karanta da ƙarfi, a tambaye shi abin da ya fahimta, sannan a zaɓi aji.

Babbar matsala ga mai niyyar dawowa gida ita ce manhaja. Yaron zai san Sharlaman da juyin juya halin 1789 da kogin Sen, amma ba wanda zai ba shi labarin Sarauniya a Lugu a 1899, ko tawayen Kawusan a Agadas, ko inda Gulbin Maradi ya fito. Jarrabawar ƙarshen kwalejinsu daban take da BEPC ɗinmu. BAC ɗinsu ma tun 2021 ya bar tsarin rukuni-rukuni, mu kuwa har yanzu A da C da D muke. Sannan rajistar CNED ba ita ce rajistar jarrabawa ba, wannan sai an yi ta daban a kan lokacinta. Yaron da zai zauna BEPC a Maradi, a sa masa littattafan tarihi da labarin ƙasa na Nijar a jaka, a kuma dawo da shi tun farkon ajin 3e, ba tsakiyarsa ba. Zancen Alƙur'ani da Larabcin addini kuwa babu shi sam, makarantar gwamnatin Faransa ce. Wannan na gida ne, kamar yadda Hausar yaron ma ta gida ce.

Kayan aiki ba su da yawa: kwamfuta ko babbar waya, na'urar buga takarda ko shagon fotokofi na kusa, rim na A4, da abin sawa a kunne mai makirfo don ayyukan baka. A sauke darussan wata guda gaba ɗaya ranar da intanet ke da ƙarfi, a buga, don ranar ɗaukewar wuta ko kwanan hanya. Aikin da za a tura a rubuta shi da biki baƙi ko shuɗi, fensir ba ya fitowa a hoto. A shimfiɗa takardar a hasken rana, a ɗauka daga sama ba a karkace ba, a haɗa shafukan cikin PDF guda bisa jeri. Kada a tara ayyukan wata uku a tura dare ɗaya. Amfanin gyara shi ne yaro ya gan shi kafin ya shiga darasi na gaba.

Kuɗin da Yuro ake biya, da katin banki. Yuro 1 sefa 656 ne in an cike, wato kowane Yuro 100 jikka 65 ne da ƴan kai, ban da abin da banki zai cire. Farashi ya danganta da aji da irin rajista, a duba na shekarar a shafinsu.

Shekararsu a farkon Satumba take farawa, tamu yawanci a Oktoba, saboda haka a gama rajista tun cikin damina. Sunan yaro a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a takardar haihuwa: in Mahamadou ne a can, kada ya koma Muhammad don an sauka Jidda. A kuma buga duk aikin da aka gyara da takardun maki a adana cikin fayil guda, tare da takardar barin makarantarsa ta ƙarshe a Maradi, domin su darakta zai fara nema ranar da aka kawo yaron, kafin ya ce a gwada shi.