Shekara ɗaya da kamfanin wuta da gas ɗin da na zaɓa a Bradford

A watan Nuwamba na 2024 lauya ya kira ni ya ce kuɗin gidan da na saya sun shiga, in je wurin dillalin gidaje in karɓi makulli. Shekara bakwai muna haya a Bradford ta ƙasar Ingila, kuma duk inda muka zauna kuɗin wuta da gas a cikin kuɗin haya suke, saboda haka ban taɓa riƙe takardar kuɗin wuta da sunana a kai ba a ƙasar nan. Wani dattijo da muke sallah tare, da na je masa da albishir, ya yi mini addu'a sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kafin ka shigar da ko tabarma, ka sauka ka ɗauki hoton mita. Duka biyun." Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Gidan irin tsofaffin gidajen dutse ne na jere, mitocin kuma suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na sauka da fitilar waya, wurin sai warin danshi, na share yanar gizo-gizo daga gilashin mitar gas da hannun rigata, na ɗauki hoto har lambobin suka fito tas. Na yi wa ta wuta haka. Hotunan nan biyu sun yi mini rana fiye da duk wani bincike da na yi daga baya.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, daga ranar da gida ya zama naka, kamfanin da tsohon mai gidan yake hulɗa da shi ya zama kamfaninka, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba. Ba a yanke wuta, ba a rufe gas, amma a kan farashinsu na gama-gari suke ɗora ka, wanda galibi shi ne mafi tsada a wurinsu. Bayan mako uku takarda ta iso. Kuɗin ya wuce hankali, alhali ko kayan ɗaki ba mu gama kwasowa ba. Da na duba da kyau sai na ga lambar da suka fara lissafi da ita ƙiyasi ce, ta yi ƙasa sosai da abin da ke jikin hotona. Wato gas ɗin da mutumin da ya sayar mini da gidan ya ƙona a watanninsa na ƙarshe, ni ake so in biya. Duk wanda ya taɓa zama a Kano ba mita ya san zafin bil ɗin ƙiyasi, kuma ban zaci zan sake haɗuwa da shi a Ingila ba. Na yi minti arba'in a kan layi kafin a ɗauka, na tura hotunan, aka yi mako biyu kafin a gyara. Ranar da aka gyara na ƙudura cewa ba zan zauna da su ba.

A gida Najeriya ba mu san zaɓi ba. Idan kana Kano, Katsina ko Jigawa, KEDCO ce, magana ta ƙare. A nan kuwa ga British Gas, ga EDF, ga E.ON Next, ga OVO, ga Scottish Power, ga Octopus, ga wasu ƙanana da ban taɓa jin sunansu ba. Na yi kwana biyu ina tunanin wace ce wutarta ta fi ƙarfi, kafin na gane cewa tambayar ma ba ta taso ba. Wayoyin da ke kawo wuta unguwarmu na Northern Powergrid ne, bututun gas na Northern Gas Networks ne, ko wa ka zaɓa su ne dai. In wuta ta ɗauke 105 za ka kira, in ka ji warin gas 0800 111 999. Kamfanin da kake zaɓa mai sayar maka ne kawai, shi ke yanka farashi, shi ke lissafi, shi ke ɗaukar waya idan an samu matsala. A kan waɗannan ukun na auna su.

Farashin kashi biyu ne, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Akwai kuɗin kowane yunit da ka sha, akwai kuma kuɗin layi na kullum da ake cira ko ba ka kunna komai ba. Hukumar Ofgem ce ke sa iyakar da kamfani ba zai wuce ba a farashin gama-gari, tun Janairun 2019, kuma yanzu duk wata uku take sabuntawa. A watannin Oktoba zuwa Disamba na 2024, matsakaicin yunit ɗin wuta kwabo 24.5 ne, na gas kwabo 6.24, kuɗin layin wuta kusan kwabo 61 a rana, na gas kusan 32, kowane yanki da ɗan bambancinsa. Adadin fam 1,717 da ake ta faɗa a labarai a lokacin, na ɗauka shi ne ƙarshen abin da mutum zai biya a shekara. Ashe lissafi ne na gida matsakaici mai shan yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas. In ka sha fiye, ka biya fiye. Gidan dutse mai dogon rufi da yara uku ba ya cikin matsakaici.

Na sa bayanan gidan a shafukan gwada farashi na Uswitch da MoneySavingExpert. Mafi arha a jerin wani ƙaramin kamfani ne, na ƙi shi. A 2021, da farashin gas ya tashi a kasuwar duniya, kamfanoni kusan 30 suka durƙushe a Birtaniya, har da Bulb mai kwastomomi sama da miliyan ɗaya da rabi. Gaskiya ne ba wanda aka yanke wa wuta, Ofgem tana mayar da mutane wani kamfanin kuma rarar kuɗinsu ba ta salwanta, amma na ga yadda wani abokin aikina ya yi watanni yana bin tasa rarar. Sai na buɗe jadawalin da ƙungiyar ba jama'a shawara ta Citizens Advice ke fitarwa kan yadda kamfanoni ke kula da kwastoma, na ɗauki wanda yake sama-sama a can, farashinsa kuma ya ɗan gaza iyakar Ofgem. Na ɗaure farashin na wata 12, wato ba zai hau ko ya sauka ba, wuta da gas a wuri ɗaya, ana cira daga banki kowane wata. Sharaɗin shi ne in na fita kafin lokaci zan biya fam 50 a kan kowanne.

Komawar ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Doka ta ba su kwanakin aiki biyar, a na huɗu saƙo ya shigo cewa an gama. Ba wanda ya zo gidan, ko ƙiftawa fitila ba ta yi ba.

A Janairu suka turo ma'aikaci ya sa mana mita mai aika lissafi da kanta, kyauta, tare da wani ɗan allo da muka ajiye kusa da tukunyar shayi a kicin. Wannan allon shi ne abin da na fi yabawa a shekarar gaba ɗaya. Muna da wata hita ta lantarki da muke kunna wa yara a ɗakinsu, a tunaninmu tanadi muke yi tunda ba mu kunna boila ta dumama gidan duka ba. Wata safiya uwargida ta kira ni kicin, ta nuna allon ta ce, "Baban yara, zo ka ga abin da hitar nan take ci." Ta kashe, lambar ta faɗo. Ta kunna, ta haye har fitilar ta koma ja. Kuɗin yunit ɗin wuta ya ninka na gas kusan sau huɗu, mu kuma mun bar mai arha muna shan mai tsada. Ranar muka naɗe wayar hitar muka kai ta ƙasa. Da azumi ya zo a watan Maris, muka saita boila ta tashi minti ashirin kafin sahur ta mutu bayan asuba, kuma a kan allon muka ga abin da hakan yake ci a kowace rana.

Ɗaure farashin ya amfane ni, amma ba wata riba mai yawa ba ce, kada a ruɗe ku. A Afrilun 2025 iyakar Ofgem ta hau zuwa fam 1,849, ni ban ji a jikina ba. A Yuli ta sauko 1,720, tazarar da ke tsakanina da maƙwabcina da bai ɗaure ba ta kusa ɓacewa. Abin da na saya a gaskiya kwanciyar hankali ne a shekarar da bashin gida ya fara cin albashina.

Akwai abu biyu da ba su yi mini daɗi ba. Bayan sanyi ya wuce, asusuna yana da gibi, wanda dama haka tsarin yake, rani ne ke cike abin da hunturu ya ci. Sai kawai suka aiko cewa za su ƙara abin da suke cira da fam 45 a wata. Na kira, wata mata ta ɗauka cikin minti biyar, ta bi lissafin da ni wata bayan wata, muka tsaya a kan ƙarin fam 15. Ta kyauta, amma da ban kira ba da an cire, kuma na san akwai 'yan uwanmu da yawa da ba sa buɗe irin waɗannan saƙonnin. Na biyu kuma ba laifin kamfanin ba ne shi kaɗai, tsarin ƙasar ne. A watan Agusta mun tafi Kano wata guda, na kashe komai in ban da firji, na dawo na tarar da kusan fam 28 na kuɗin layi zalla. A shekara ya haura fam 300 kafin ka dafa ko ruwan zafi. Wannan ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi da ke ta ƙoƙarin ragewa, kuma har yau ban ga adalcinsa ba.

A kwanaki 49 na ƙarshen yarjejeniya doka ta hana a caje ka kuɗin fita, don haka a ƙarshen Oktoba na sake zama na gwada farashi. Na samu wani da ya fi su sauƙi da abin da bai kai fam 30 a shekara ba. Na tuna minti arba'in ɗin can da minti biyar ɗin nan, na sabunta da su na wata 12. Duk da mitar tana aika lissafi da kanta, daren da sabuwar yarjejeniyar ta fara na sauka ƙasa da fitilar waya na sake ɗaukar hoton duka biyun.