Defender kaɗai, ko a haɗa shi da antibairos na kuɗi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Ya sayi laftof mai Windows 11, ta zo da antibairos na gwaji na kwana 30, ga kuma Microsoft Defender da ke cikinta tun asali. Yana so ya san ko ya bar su su yi aiki tare don tsaro ya ninka, ko ya biya kuɗin na gwajin, ko kuma ya cire shi.

Malam, a yanzu haka ba biyu ne ke gadin kwamfutarka ba, ɗaya ne. Da zarar an saka antibairos na wani kamfani a Windows 10 ko 11, yakan yi rajista da cibiyar tsaron Windows, shi kuma Defender sai ya ja da baya ya daina sa ido. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Kana iya gani da idonka: buɗe Windows Security, shiga Settings, danna Manage providers, za ka ga sunan wanda ke riƙe da ragama. In kana son tabbaci, buɗe PowerShell ka rubuta Get-MpComputerStatus, ka duba layin AMRunningMode. In ya ce Normal, Defender ne ke aiki. In ya ce Not running, ko umarnin ya ƙi tafiya gaba ɗaya, baƙon, wato antibairos na wani kamfanin, shi ne ya karɓe.

Da gangan aka tsara hakan. Duk antibairos mai sa ido kai tsaye yana dasa wani ɗan direba, wato ƙaramar manhaja mai aiki a can cikin Windows, tsakanin manhajojinka da faifan ajiya. Ka danna fayil, kafin ya buɗe sai direban ya tare shi, ya miƙa wa injin bincike, ya jira amsa, sannan ya sake shi. Rubuta fltmc a Command Prompt da izinin admin za ka ga jerin masu tare hanyar nan. Na Defender sunansa WdFilter. To ka ɗauka guda biyu ne a tsaye. Na farko ya buɗe fayil don ya bincika, na biyu ya ga an taɓa fayil sai shi ma ya tare, na farko kuma ya ga motsin na biyu. Kwafin folda mai ƙananan fayiloli dubu sai ya zama aikin jira, fanka ta yi ta kuka, batir ya zube. In aka ci karo da bairos na gaske, wannan ya kulle fayil ɗin zai killace, wancan ya zo gogewa ya tarar a kulle, kowanne ya riƙa turo gargaɗi, wani lokacin ma ɗaya ya kama ma'ajiyar killacewar ɗan'uwansa a matsayin cuta. Mafi muni shi ne kwamfutar ta daskare ko ta nuna shuɗin allo. Masu tilasta wa Defender kunnuwa ta hanyar taɓa Registry, ma'ajiyar saitunan Windows, alhali akwai wani a ciki, wannan suke jawo wa kansu.

Saboda haka zaɓin naka shi ne wa za ka ba ƙofar. Ga yadda suke in an jera su.

Kama cuta. Mummunan sunan da Defender ya yi tsoho ne. A zamanin Windows Vista da 7 manhajojin leƙen asiri kawai yake kamawa, sai a Windows 8, shekarar 2012, ya zama cikakken antibairos, kuma ya ɗauki shekaru yana kasan jeri. Yau ba haka abin yake ba. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan sauri, 6 a kan sauƙin amfani, jimilla 18, kuma a shekarun nan Defender yakan samu cikakken maki ko dab da shi, kafaɗa da kafaɗa da Bitdefender, Kaspersky da Norton. Inda yake da rauni shi ne lokacin da babu intanet. Ya dogara sosai da tambayar sabobin Microsoft game da fayil ɗin da bai sani ba, kuma gwaje-gwajen AV-Comparatives ta Ostiriya sun sha nuna cewa kamunsa yana raguwa in an yanke layi, fiye da na wasu takwarorinsa. Kwamfutar da ke kwana da yini babu intanet, ana kuma yawan cusa mata filas na mutane, wannan dalili ne na gaske na duba wani.

Nauyi. Defender ba ya turo talla, ba ya neman ka sabunta biyan kuɗi. Amma yana jan ƙafa wajen kwafin fayiloli masu yawa, da saka manhaja, da haɗa lambobin shirye-shirye. A Task Manager za ka ga Antimalware Service Executable ya haye sama. Wasu na kuɗi sun fi shi sauƙi a nan. Wasu kuma sai ka tarar sun shigo da tarkace: mai "tsabtace" kwamfuta, mai sabunta direbobi, ƙarin burauza, kowanne yana tashi tare da Windows.

Masu garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa. A nan ne mutane ke yin asarar da ba su sani ba. Windows yana da Controlled folder access, wanda ke hana duk manhajar da ba a amince da ita ba rubutu a cikin Documents, Pictures da duk foldar da ka ƙara. A kashe yake zuwa, kai za ka kunna shi a ƙarƙashin Ransomware protection. Sai dai ba ya aiki sai Defender ne ke riƙe da ƙofa. Ka saka baƙo, wannan kariyar ta tafi, haka ma ƙa'idojin da ke hana fayil ɗin Word ko Excel ƙaddamar da wata manhaja a ɓoye. Manyan antibairos suna da nasu madadin, wasu har suna ajiye kwafin fayil kafin a ɓata shi su mayar daga baya. Amma ba kowane fakiti ke ɗauke da shi ba, sai ka duba, kada a gudu gara a faɗa gidan zago.

Abin da ke nan daram ko wa ka zaɓa: SmartScreen mai gargaɗi kan fayil ɗin da aka sauke, Secure Boot mai tantance abin da ke tashi idan an kunna kwamfuta, tagar neman izini ta UAC, Memory integrity mai hana mugun direba shiga, da rufe faifai na BitLocker. Kada ka kashe ko ɗaya don ka sayi antibairos, ba aikinsu ɗaya ba.

Fayawol, wato shingen da ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet. Na Windows yana toshe abin da ke neman shigowa ba gayyata, amma yana barin duk abin da ke fita sai in ka rubuta masa doka. Na fakitin kuɗi yakan nuna maka wace manhaja ke neman fita, ka yarda ko ka ƙi. Yana da amfani ga wanda ya san abin da yake karantawa. Ga sauran jama'a, bayan kwana uku sai su koma danna "yarda" ido rufe. Shi ma ɗaya ake bari. In firinta ko raba fayil tsakanin kwamfutoci ya daina aiki bayan saka sabon fakiti, fara zargin fayawol ɗinsa, galibi ya ɗauki layin gida a matsayin na jama'a.

Shafukan damfara. SmartScreen ya fi ƙarfi a cikin Edge. Chrome da Firefox suna amfani da jerin Safe Browsing na Google. Fakitin kuɗi yana rufe kowace burauza, amma ka san yadda yake yi. Da yawansu suna dasa tasu takardar shaida a cikin kwamfutar, su buɗe haɗin HTTPS, wato rufaffen haɗin da ke tsakaninka da shafi, a tsakiya, su karanta, su sake rufewa. Danna alamar da ke gefen adireshin shafi ka duba wa ya ba da takardar shaidar. In sunan antibairos ɗinka ka gani, to yana tsakiya. A 2017 wani bincike da masana daga jami'o'i da Google da Mozilla suka yi ya gano cewa yawancin irin waɗannan manhajoji suna rage ƙarfin haɗin maimakon ƙara shi, hukumar US-CERT ta Amurka ma ta fitar da gargaɗi a watan Maris na shekarar. An gyara abubuwa da dama tun lokacin, amma in shafin banki ko manhajar imel ta fara kukan takardar shaida, nan za ka fara dubawa.

Sai batun amana, wanda talla ba ta faɗa. Antibairos yana zaune a can cikin cibiyar Windows da cikakken iko, yana ganin kowane fayil da kowane shafi. Kuskurensa babba ne. A Afrilun 2010 wani sabuntawar McAfee ya ɗauki svchost.exe, fayil ɗin Windows kansa, a matsayin bairos, kwamfutocin XP suka yi ta sake tashi. A ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft. A 2024 ɗin hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan yawon intanet na masu amfani da shi ta reshensa Jumpshot. Defender ma ba waliyyi ba ne: a Mayun 2017 masu bincike na Google Project Zero sun gano ɓaraka a injinsa da ke ba maharin dama ta hanyar fayil ɗin da aka bincika kawai. Bambancin shi ne ka riga ka ba Microsoft amanar kwamfutar tun da kake amfani da Windows. Baƙo ƙarin hannu ne a cikin aljihunka. Af, Norton, Avast, AVG da Avira duk na kamfani ɗaya ne yanzu, Gen Digital, don haka sauya daga wannan zuwa wancan ba lallai ya zama sauyin gida ba.

A ganinmu, ga mutum ɗaya mai laftof ɗaya da ke samun intanet a kai a kai, Defender ya isa, kuɗin ya fi amfani a faifan waje na ajiyar kwafi. Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ne in kana kula da na'urorin iyali ko ƙaramin ofis daga wuri ɗaya, ko kana buƙatar sa ido kan yara, ko za ka yi amfani da VPN mai ɓoye zirga-zirgarka a intanet da ma'ajiyar kalmomin sirrin da ke cikin fakitin da gaske.

Haɗin da ke aiki lafiya shi ne mai gadi ɗaya da mai zuwa duba lokaci-lokaci. In baƙon ka zaɓa, shiga Virus & threat protection, buɗe Microsoft Defender Antivirus options, kunna Periodic scanning; an ƙara shi a Windows 10 a 2016, yana barin Defender ya riƙa bincike jefi-jefi ba tare da tare hanya ba. In Defender ka zaɓa, ɗauki Malwarebytes na kyauta, ko ESET Online Scanner, ko Microsoft Safety Scanner, wanda ke daina aiki kwana 10 bayan saukewa, sai an sake ɗauko sabo. Hattara da Malwarebytes: yakan fara da gwajin na kuɗi, wanda ke iya yin rajista da Windows ya kashe Defender. Kashe wannan zaɓin a saitinsa ko ka ƙare gwajin da kanka.

In cire na gwajin da ya zo da laftof ɗin za ka yi, kada ka jira wa'adin ya cika. Defender yakan dawo da kansa idan na gwajin ya mutu, amma ragowar direbobi kan hana shi. Cire daga Settings, Apps, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka bi da manhajar sharewa ta kamfanin: MCPR ga McAfee, Remove and Reinstall ga Norton, avastclear ga Avast, kavremover ga Kaspersky. Sake kunnawa, gudanar da Windows Update, duba AMRunningMode ya koma Normal. Sannan gwada da fayil ɗin EICAR, rubutu ne mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, amma kusan kowane antibairos an koya masa ya kama shi. Ka sauke shi daga shafin eicar.org, in gargaɗi ya fito nan take, duba sunan da ke jikin gargaɗin, shi ne mai gadinka.

Duk wannan na Windows na gida ne. A Windows Server, Defender ba ya ja da baya da kansa, mai kula da saba ne zai sauke shi da hannu. A Mac kuma Gatekeeper da XProtect, masu gadin da ke cikinta tun asali, suna ci gaba da aikinsu ko da an saka wani, don haka can abin lura shi ne kada a haɗa antibairos na waje guda biyu.