Jaka 385 a yini guda: hattara da mai "ni ma ɗan Marwa ne" a kasuwar Njamena

Sefa 385,000. Na rubuta da lamba saboda masu cewa na cika kururuwa. Jaka 385, kuɗin adashena da na kayan ɗakin ƙanwata, wani mugu ya lanƙwame a Njamena ranar Asabar, ina nan, maigidana yana nan, ga yara, ga ƙanwar maigidan wadda ita ma 'yar kasuwa ce. Allah ya isa.

Kafin wani ya zo min da "ai kun cika yarda da mutane", ya tsaya ya ji. A kasuwar Marwa na tashi, atamfa nake sayarwa, daga tafiyar mutum nake gane macuci. Wannan dattijo ne da furfura a gemu, farar jallabiya, carbi a hannu. Muna babbar kasuwa, wajen Masallacin Sarki Faisal, ina ta fama da mai lafaya, shi Larabci, ni Hausa da guntun Faransanci, ga lissafinsu na riyal da sai ka ninka sau biyar, sai na ji an ce, "Hajiya, daga Marwa kuke?" Ya ambaci Domayo, ya ambaci Kakatare, ya jajanta mana wahalar hanyar Mora zuwa Waza zuwa Dabanga. Ya juya Fulatanci da maigidan. Ya sa baki aka rage mana jaka 4 a kowace lafaya. An rage fa, da gaske aka rage. To wane ne zai ce wannan ɓarawo ne?

Abin da ya hana ni barci wajen cin abinci ne. Shi ya kai mu, aka kawo gasasshen giwan ruwa da kisar da karkanji mai sanyi. Ya janyo autana kusa da shi, ya zauna yana cire masa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ci a hankali, angona." Da hannunsa. Ina kallo har na ce a raina wannan bawan Allah ya san darajar baƙo. Maigidan ya ciro kuɗi, dattijon ya riƙe masa hannu ya ce, "Haba Alhaji, a garina? Bar min ko na abin sha." Ya biya jaka 2. Ya zuba jaka 2 ya kwashe 385.

A'a, kafin abincin ma sai da suka yi azahar sahu ɗaya da maigidan. Kuma tun kafin sallar ya kai mu shagon humra da turaren wuta. Nan ne fa. Ya shige bayan kanta kamar shagon ubansa, ya sauko da kwalabe, ya aiki yaron shago ya kawo mana shayi, yaron kuwa ya tafi da gudu. Ku gaya min, ku da kuka fi kowa wayo, me za ku ɗauka? Mun sayi humra, dilka, shebe, turare, ga lafaya goma, kaya na jaka 240 cikin buhu biyu.

Muna wanke hannu ya kawo maganar gadar Ngeli. Wai yamma ta yi, ga yara, ga layi a wajen 'yan duwan, wato kwastan, yaronsa yana tsallakar da kaya Kuseri kullum da mota, zai biya abin da ya dace ya kawo mana takarda har tasha. Ba fasa-ƙwauri muka nema ba, a ji wannan da kyau. Sannan wai akwai lafaya masu aiki a ma'ajiyarsa ta kasuwar Dembe, da sarƙar amarya, farashin sari, jaka 145, zai haɗa cikin kayan. Ƙanwar maigidan ce ta ƙirga kuɗin, ni na miƙa. Bai ko duba ba ya sa a aljihu, ya ce, "Hajiya, amana ce." Har yanzu ina jin muryar. 240 da 145.

Mun tsallaka Kuseri muna zaune a tasha har bayan isha'i, yara sun yi barci a kan benci. Da farko wayar tana shiga, "ga mu a kan gada". Daga nan a kashe. Da safe muka koma shagon. Mai shagon na gaskiya ya ce shi bai san shi ba, ya zo ne ya ce maigidana ƙaninsa ne daga Kamaru, har la'adar kawo mu ya karɓa. Yaron shayin ya ce ya ɗauka kawunmu ne. Wato ya ci mu, ya ci mai shago, kuma mu ne muka biya kifin da ya cika cikinsa da shi.

Mun kai ƙara, an rubuta. Ina da hoton kiran wayar da saƙon "ga mu a kan gada". 'Yata ta ɗauki hoton kifin, rabin fuskarsa da zoben azurfarsa sun fito. Zan saka duka da zarar jami'an sun ce babu laifi, ku daina tambayata a akwatin sirri.

Ku masu zuwa sayayya Cadi: kayanku ya tsallaka gada tare da ku. Ku tambayi mai shago a gaban mutum ko ya san shi. Shi ke nan.

Biki bayan Sallah ne, Inna ba ta sani ba tukuna, ƙanwata kuma sai kirana take tana tambayar kalar lafayarta. Ni jaka 385 a ina zan samo kafin nan?