Shagon tsofaffin littattafai na wajen Ƙofar Ƙaura

Jama'a duk mai neman littafin tarihi a Katsina ya leƙa shagon nan, wallahi na ji daɗinsu. Asabar ɗin da ta wuce na je neman na tarihin Turai saboda jarabawa, Baba mai shagon ya ce zauna ɗana, ya shiga ciki ya daɗe yana tono har ya fito min da wani tsoho bangonsa duk ya sha jiki amma ciki lafiya lau.

Babin da ya riƙe ni shi ne na ruhubanawan Kirista da ake kira Sistashiyan. A 1098 wani Robert ya bar gidan ibadarsu na Molesme a Faransa shi da 'yan'uwansa saboda sun ga an saki layi, dukiya ta yi yawa ibada ta yi sanyi, suka tare a Citeaux wajen Dijon don su bi ƙa'idar zaman ruhubanawa ta Waliyyi Benedict sak. Su yi noma da hannunsu, tufafinsu farin ulu ba rini, cocinsu ba ado. Wani daga cikinsu mai suna Bernard ya kafa gidan ibada na Clairvaux a 1115, kafin ya rasu a 1153 gidajensu sun haura 300. A Ingila ma har kiwon tumaki suka shahara da shi, abin ya burge ni gaskiya.

Farashi da sauƙi, har ragi Baba ya min ban roƙa ba. Matsalar kawai ƙura, kuma ba fanka ga zafin Katsina, sannan ba sa karɓar taransifa sai ka je da kuɗi a hannu.