Wane dillalin saƙo za ka ɗora wa uwar garkenka?

Duk wanda ya haɗa manhaja mai rumbun bayanai ya san inda gizo ke saƙa. Ma'aikaci ya danna maɓalli, sai a bar shi tsaye har a tura SMS, a buga rasit, a sanar da akanta. Maganin dai a rubuta abin da ya wajaba nan take, sauran a jefa su layi, wani ɓangare na uwar garke (babbar kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta) ya riƙa ɗauka a hankali. Mai riƙe wannan layin nake kira dillalin saƙo.

Ma'aunina ɗaya ne, kada saƙo ya ɓace, kuma wuya ce ta koya mini shi. Na yi wa wani injin casar shinkafa aiki a Birnin Kebbi: a ɗora buhun shanshera a sikeli, a shigar da nauyi, manomi ya ga saƙo a waya. Na ɗora aikin kan pub/sub na manhajar Redis, tsarin da ke watsa saƙo nan take ga masu saurare, saboda sauƙi. Rannan wuta ta ɗauke, janareto ya yi gardama, ɓangaren da ke tura saƙo ya kwanta. Wani dattijo da ya yo sammako daga Argungu ya tsaya bakin taga yana miƙo mini wayarsa mai tocila, an ɗaure bayanta da kyauro. Alhaji ya leƙo ya ce, "Injiniya, ina saƙon bawan Allah?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yana hanya." Ba ya kan wata hanya. Laifina ne, don shi pub/sub ba ya ajiya. Wanda ba ya saurare a lokacin, ya yi asara.

Tun ranar na koma wa dillalin saƙo mai suna RabbitMQ. Ya fito a 2007, an rubuta shi da Erlang, harshen da Ericsson ta ƙera don na'urorin tarho da ba a so su tsaya. Ka ayyana layinka a matsayin mai ɗorewa, ka sa saƙon ya sauka a faifai, ka kunna tabbacin da dillali ke mayar wa mai aikawa. Mai karɓa kuma kada ya ce "na karɓa" sai ya gama aiki; in ya mutu a tsakiya, saƙon ya koma layi. Wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tura shi layin matattun saƙonni, ka duba da safe. Daga siga ta 3.8 akwai layin quorum mai kwafe saƙo a na'urori uku, ɗaya ta faɗi biyu su riƙe. Sai dai saƙo na iya zuwa sau biyu, don haka ka ba kowanne lamba, kada a biya manomi kuɗin buhu ɗaya sau biyu.

Kafka, wani dillalin, fa? Kamfanin LinkedIn ya gina shi don ambaliyar bayanai. Tirela ce, kai kuwa buhu biyar gare ka. Dillalin ActiveMQ Artemis ya yi wa masu gina manhaja da Jakarta EE na harshen Java daidai, tunda yana cikin WildFly, manhajar uwar garke ta wannan tsarin. In aikin ƙarami ne, tebur ɗaya a rumbun bayanai na PostgreSQL da umarnin SKIP LOCKED (a tsallake abin da wani ya riga ya kama), wanda ya shigo a siga ta 9.5, ya wadatar.

Amma 'yan damfara sun fi zaɓen dillali haɗari. RabbitMQ da Kafka da Artemis duk kyauta ake sauke su. Wanda ya kawo maka takardar "lasisin shekara" ka tambaye shi me ka saya: in tallafi ne, wa za ka kira da tsakar dare? Akwai masu yawo da filash ɗauke da manhajar uwar garke ta sata, ba ka san abin da aka cusa ciki ba, ga bayanan kuɗin mutane za ka zuba mata. Akwai masu haya da za su ce na'urori uku suka ba ka, ashe kwamfuta ɗaya aka yanka uku. Ta mutu, quorum ɗinka ya bi ta. Akwai mai kafa maka ya bar tashar 15672, ƙofar shafin sarrafa RabbitMQ, a buɗe ga duk intanet da kalmar sirri irin ta yara, ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya.

Kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa a tura saƙo ɗari a gabanka, ka zare filogi da hannunka, a kunna, ka ƙirga.